Yawo da ja-gora a gandun daji: me ake nufi, kuma me mutum yake biya wa kuɗi?

Duk wanda ya taɓa neman bayanin tafiya Turai a intanet ya ci karo da tallan kamfanonin yawon buɗe ido masu cewa za su kai mutum yawo da ja-gora a gandun daji kaza, a ƙafa da kuma cikin jirgin ruwa. Mu da aka ce gandun daji, Yankari hankalinmu yake tafiya: mota, ma'aikaci a gefe, ana leƙen giwaye a cikin kurmi. Amma akwai gandun da ba dabba ake zuwa gani ba, ruwa ake zuwa gani. Ɗaya daga cikin mafiya suna a irin waɗannan shi ne gandun tafkunan Plitvice na ƙasar Kuroshiya, kuma da shi za a fi gane abin da wannan magana ta ƙunsa.

A taƙaice, yawo da ja-gora shi ne mutum ko ayari su bi wata hanya da aka riga aka tsara, tare da wani masanin wurin da yake gaba, yana nuna hanya, yana bayani, yana kuma lura da lokaci da dokokin wurin. A Plitvice tafiyar kashi uku ce: a taka a ƙafa a kan gadojin katako, a ƙetare babban tafki a jirgin ruwa mai aiki da lantarki, sannan a hau wata doguwar mota mai tarago-tarago da ke mayar da mutane kusa da ƙofar da suka shigo.

Plitvice yana cikin tsaunuka, tsakanin Zagreb babban birnin ƙasar da garin Zadar na bakin teku, ba nisa da iyakar Bosniya. An mayar da shi gandun ƙasa a ranar 8 ga Afrilu 1949, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 300, galibi daji ne mai duhu inda beyar da kyarkeci suke zaune, sai dai da wuya baƙo ya gan su. Tafkunan ɗan yanki ne kawai na gandun. Su 16 ne, a jere kamar matakala, kowanne yana zuba a cikin na ƙasansa: 12 na sama, 4 na ƙasa. Daga na farko, Prošćansko, zuwa na ƙarshe, ruwan yana saukowa kimanin mita 133 a cikin tafiyar kilomita takwas ko makamancin haka. A ƙarshen jerin ne kogin Korana yake farawa, kuma a nan kusa ne babbar magangarar ruwa take, wadda 'yan ƙasar ke kira Veliki slap, mai tsawon mita 78, wadda babu kamarta a tsayi a duk Kuroshiya.

Wannan duk mutum zai iya karantawa a allon bakin ƙofa. Abin da ba zai gani da idonsa ba sai an nuna masa shi ne cewa katangun da suka raba tafkunan nan ba dutsen da aka tarar ba ne tun fil azal. Ruwan ne da kansa yake gina su, kuma har yau bai gama ba.

Ga yadda abin yake. Ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce da danginsa. Ruwan sama idan ya sauka yakan kwashi iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, sai ya riƙa narkar da dutsen yana ratsa shi ta ƙarƙashi. Kafin ya ɓullo a maɓuɓɓuga ya ƙoshi da narkakken sinadarin dutsen. Manyan rafuka biyu, Farin Kogi da Baƙin Kogi, sukan haɗu su zama kogin Matica, shi ne yake shiga tafki na farko. To duk inda ruwan ya sami gangare ya fantsama, iskar nan takan fice, sinadarin kuma ya kasa zama a narke, sai ya kwanta a kan duk abin da ya tarar: gansakuka, reshen da ya faɗi, ganye, saiwa. Wanda ya taɓa leƙa gindin butar shayi da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a cikinta ya ga farin ɓawon da ke manne a ciki. Kusan abin ke nan. Bambancin shi ne a Plitvice akwai rai a cikin aikin. Ƙananan halittun da ke zaune a jikin gansakukar suna fitar da wani yauƙi da ke kama ƙwayoyin sinadarin, gindin gansakukar ya daskare ya zama dutse, kanta kuma ya ci gaba da tsiro a sama. Haka katangar take hawa a hankali, ana ƙiyasta kimanin santimita ɗaya ko ɗan fiye a shekara. Mutanen wurin suna kiran wannan dutse sedra, kuma kalma ce da ja-gora zai maimaita ta fi a ƙirga kafin a gama yawo.

Da mutum ya gane wannan, sai ya fara kallon wurin da wani ido. Zai ga itacen da ya faɗa cikin ruwa ya yi fari fat a ƙasan tafki, ya san ba ruɓewa yake yi ba, dutse ne yake rufe shi. Zai ga ruwa yana tsiyaya ta cikin koren gansakuka mai laushi kamar soso, ya san ƙarƙashinta katanga ce mai tasowa. Magangarun ruwan ma ba sa zama wuri guda: wata ta toshe, ruwa ya nemi wata kafa. Kozjak, mafi girma a cikin tafkunan, mai zurfin kusan mita 47, a da tafki biyu ne. Katangar ƙasa ta yi ta hawa har ruwa ya shanye ta tsakiya, kuma tana nan a nutse, jirgin ruwa yana wucewa ta kanta.

A ganina nan ne darajar ja-gora take. Hanyoyin Plitvice a bayyane suke, da alluna da haruffa, babu wanda zai ɓata idan ya bi su, kuma dokar gandun ba ta tilasta wa kowa ɗaukar ja-gora ba. Amma wanda ya shiga babu mai yi masa bayani zai ɗauki hoton ruwa mai launin shuɗi da kore ya fito, yana ganin dokokin wurin takura ce kawai. Me ya sa aka hana wanka a ruwa mai kyau haka? Me ya sa ba a sauka daga kan katako ko taku ɗaya? Amsar tana cikin sedra. Dutsen yana da gautsi, musamman sabonsa na sama, ƙafa tana farfasa shi. Kuma ginuwarsa tana buƙatar ruwa mai tsabta ƙwarai. Idan ƙazanta ta yi yawa a ruwan, aikin yakan ragu ko ya tsaya. Shi ya sa aka ɗaga hanyoyin a kan katako, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsu, wani wurin ma yana taɓa tafin takalmi. Shi ya sa jiragen da ke ɗaukar baƙi a Kozjak na lantarki ne, ba hayaƙi, ba mai da zai zuba a ruwa, ba ƙarar inji. An hana jefa wa kifi abinci, duk da suna taruwa dab da katako har mutum ya ga ƙayar bayansu. An hana tsinkar ganye. Kare ma sai da igiya a wuyansa. Ja-gora nagari ba ya tsayawa a "an hana". Yakan tsaya a bakin wata katanga ya nuna dalili, kuma wanda aka nuna wa dalili ba ya buƙatar mai gadi.

Sai dai ya kamata mai niyyar tafiya ya san cewa abu uku daban-daban ake sayarwa da wannan suna guda na yawo da ja-gora.

Na farko ba ja-gora ba ne ma a zahiri. Hukumar gandun ta tsara hanyoyi ta ba su haruffa. Daga ƙofa ta ɗaya, wadda take kusa da tafkunan ƙasa da babbar magangara, akwai A da B da C. Daga ƙofa ta biyu akwai E da F da H. Sai K, mafi tsawo, wadda ake iya farawa daga kowace ƙofa. Hanyar A gajera ce, awa biyu zuwa uku, duk a ƙafa, ba ta da jirgi. C takan ci awa huɗu zuwa shida, ta haɗa tafkunan ƙasa da na sama da jirgi da mota. K kuwa ta kai kilomita 18, yini guda ce ga mai ƙarfin ƙafa. Tikitin shiga ya ƙunshi kuɗin jirgin da na motar, don haka duk wanda ya ce wa baƙo ya yi masa alfarmar jirgin ruwa kyauta, abin da baƙon ya riga ya biya ne yake ba shi. Ƙetare Kozjak ta tsawonsa yakan ɗauki minti 20 ko kusa da haka, akwai kuma gajeren ƙetare na 'yan mintoci tsakanin mashiga biyu da ke fuskantar juna.

Na biyu shi ne ɗaukar ja-gora mai lasisi, wanda zai tari mutum ko iyali ko ayari a bakin ƙofa ya zaga da su. Kuɗinsa daban ne da na tikiti.

Na uku, wanda ya fi yawa a tallan intanet, tafiyar yini ce daga wani birni. Kamfani ya ɗauki mutane a bas da sassafe daga Zagreb ko Zadar ko Split, ya kai su, a zaga, a dawo da yamma. Daga Zagreb kimanin awa biyu ne a mota, daga Split kuwa ya fi haka sosai, don haka wanda ya taso daga can rabin yininsa a hanya zai ƙare. A nan ne ake samun saɓani tsakanin abin da aka yi tsammani da abin da aka tarar. Wani kamfanin kuɗin da ya rubuta bai haɗa da tikitin shiga ba, sai an isa a ce a kawo. Wani kuma wanda ya kira ja-gora ɗan rakiya ne kawai, zai yi bayani a cikin bas, a bakin ƙofa ya ce a haɗu ƙarfe kaza. Tikitin kuwa ba ƙaramin abu ba ne: a shekarun nan na babba ya kai Yuro 40 daga Yuni zuwa Satumba, alhali a tsakiyar hunturu Yuro 10 ne.

Wannan bambancin farashi da gangan aka yi shi. Plitvice yana karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara, a wasu shekarun sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawansu a watannin zafi suke zuwa, a kan katakon da bai wuce mutum biyu su gifta juna ba, wanda galibinsa ba shi da abin dafawa a gefe. A tsakiyar rana a watan Agusta layin jiran jirgi kaɗai yana iya cinye wa mutum lokaci mai tsawo. UNESCO ta nuna damuwa a kan cunkoson da kuma gine-ginen masaukin baƙi da suka yawaita a kewayen gandun, saboda ruwan ƙazantar da suke fitarwa yana iya ratsa wannan dutse mai kafofi ya kai ga tafkunan. Daga 2019 aka koma sayar da tikiti ta intanet da ƙayyadadden lokacin shiga, ana iyakance yawan masu shiga a kowace awa. Gandun Krka, wanda shi ma na Kuroshiya ne mai irin wannan dutse, inda ake shiga da jirgin ruwa daga garin Skradin, ya daɗe yana barin mutane su yi wanka a gindin babbar magangararsa, amma daga 2021 shi ma ya hana.

Akwai wani ɓangaren bayanin da ba a rubuce yake a jikin ruwa ba, sai dai a ji shi daga bakin mutum. A wannan gandun ne, ranar 31 ga Maris 1991, aka yi arangama tsakanin 'yan sandan Kuroshiya da mayaƙan Sabiyawa na yankin, aka rasa rayuka, ciki har da wani ɗan sanda mai suna Josip Jović. Ana lissafa wannan rana cikin mafarin yaƙin da aka yi a lokacin wargajewar Yugoslabiya, tarayyar da Kuroshiya take cikinta a da. Gandun ya fita daga hannun gwamnatin Kuroshiya har zuwa Agustan 1995, kuma daga 1992 zuwa 1997 yana cikin jerin wuraren tarihin da UNESCO ta ce suna cikin haɗari. Da yawa daga cikin iyalan da ke zaune a ƙauyukan kewaye yaƙin ya taɓa su, kuma yau da baƙin nan suke ci da sha. Wanda yake tafe da ɗan yankin yana iya tambaya da ladabi, ya kuma yi haƙuri idan aka gajarta masa amsa.

Saboda haka kafin mutum ya tura kuɗi, ya tambayi kamfanin a fili: tikitin shiga yana ciki ko babu, ja-goran zai shiga gandun tare da ayari ko a ƙofa zai tsaya, wace hanya za a bi, mutum nawa ne a ayarin, kuma da wane harshe za a yi bayani. Ayarin mutum 50 a kan siririn katako, ga ƙarar ruwa, na baya ba ya jin komai. Ya kuma tambayi lokacin shiga, don wanda ya shiga da buɗe ƙofa ya fi samun sarari. Mai tafiya da dattijo ko ƙaramin yaro ya sani akwai hawa da gangara da matakala, katakon kuma yana santsi idan ya jiƙe, don haka takalmi mai kama ƙasa ya fi silifas. Mai son ganin ruwa da ƙarfinsa ya nufi Afrilu ko Mayu, bayan ƙanƙara ta narke. A hunturu kuwa akan rufe tafkunan sama, wani lokaci jirgin ma ba ya aiki, don haka wanda aka yi wa tallan yawon jirgin ruwa a watan Janairu ya duba shafin hukumar gandun tukuna.