Baƙin cikin rasa ɗa ba ya ƙarewa da sadakar arba'in

Akwai wani zane da Bature ɗan Ingila, Luke Fildes, ya kammala a 1891, wanda yake hannun gidan adana zane-zane na Tate a Landan, ana kiransa "Likita". Yaro mara lafiya yana kwance a kan kujeru biyu da aka haɗa aka yi masa shimfiɗa, likita ya zabga tagumi yana dubansa a hasken fitila, can ƙurya kuma uwar ta kife kai a kan tebur, uban yana tsaye ya dafa kafaɗarta. Ɗan mai zanen, Philip, ya rasu yana shekara ɗaya a ranar Kirsimeti ta 1877. Shekara 14 ke nan uban yana ɗauke da wannan dare a zuciyarsa kafin ya sauke shi da fenti. Haka Käthe Kollwitz ta Jamus, wadda aka kashe ɗanta Peter a yaƙi a 1914, ba ta gama sassaƙen tunawa da shi ba sai 1932.

Tsawon waɗannan shekaru ne ya sa na kawo labarinsu, domin a wajenmu da an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, sai a ɗauka magana ta wuce. Idan kuwa jariri ne, ko ɓari aka yi, ko bai zo da rai ba, sau da yawa ko zaman makoki ba a yi. A ce wa uwar "ba rabo ba ne, Allah ya kawo mai amfani", a watse. Idan ɗan fari ne, kunya ma ta hana ta ambaton sunansa. Wadda ta sha rasa 'ya'ya kuma a laƙaba mata wabi. Haƙuri wajibi ne, amma bai hana kuka ba, domin Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, kuma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

Abin da baki ya kasa furtawa, sau da yawa hannu yana iya fitar da shi. Frida Kahlo ta Meksiko ta yi ɓari a birnin Detroit na Amurka a 1932, ta zana kanta kwance a gadon asibiti cikin jini, a zamanin da ba a maganar ɓari a bainar jama'a. Ba sai mutum ya iya zane ba kafin ya amfana, takarda da fensir sun isa. Wanda yake ƙyamar zana surar mai rai yana iya zana bishiyar tsakar gida, ko ƙofar ɗaki, ko ya shafa launi kawai. Ɗinkin hula, saƙar faifai da zanen ƙwarya su ma suna ba hannu aiki, zuciya ta sami sararin numfashi. Zane ba magani ba ne kamar ƙwaya, amfaninsa shi ne yana buɗe ƙofar hira. Saboda haka idan uwa ta nuna muku abin da ta zana, kada ku gyara mata, kada ku fassara mata, ku ce kawai ta ba ku labarinsa.

Yayyen mamaci su ne aka fi mantawa. Yaron da aka ce wa ƙanensa ya yi tafiya zai zauna jiran dawowarsa, wani kuma ya ɗauka faɗan da suka yi ne ya jawo. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, a ba shi takarda ya zana abin da ya tuna. Uba ma yana ciwo, sai dai an koya masa cijewa, ya koma kasuwa washegari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin ciki mai tsawo cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, wato wanda ya haura wata 6 da tsananinsa, yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ku lura da rashin barci, ƙin abinci, rama, ɗora wa kai laifi dare da rana, da kasa kula da sauran yara. Kada a tsaya ga cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Duk wanda ya ce gara ya bi ɗansa, ko ya ambaci halaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wajen likita a ranar. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri suna duba irin wannan, kuma ƙaramin asibitin unguwa yana iya tura ku.

Matar da ta rasa jariri mai jego ce kamar kowace. Nono zai kawo ruwa ya yi tauri, jini zai ci gaba da zuwa, don haka ta je asibiti a duba ta, musamman idan akwai zazzaɓi ko ciwon kai mai tsanani. Kayan jaririn kuwa, kada a kwashe su a ɓoye da sunan tausayi sai an tambaye ta.