Tsarin tituna da bazuwar garin Jos

Jos, babban birnin Jihar Filato, gari ne da haƙar kuza ta kafa a farkon ƙarni na 20. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, na Fatakwal kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Turawan mulkin mallaka sun ware wa kansu unguwa mai faffaɗan fili, suka yanka wa 'yan ƙasa tasu da tituna a miƙe, wannan na ratsa wancan. Har yau a tsakiyar gari, wajen Masallacin Juma'a da Terminus, idan an tare hanya ɗaya mutum zai kewaya ta wata. Wannan shi ne abin da masana tsara birane ke aunawa: yawan mahaɗar tituna, da ƙarancin lungunan da ba sa ɓullewa.

Da garin ya zama hedikwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan ta Filato a 1976, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Gine-gine suka bi manyan hanyoyi, musamman ta kudu, har Jos da Bukuru suka haɗe. A yawancin sababbin unguwanni gida ne ke riga titi zuwa. Mai gona ya yanka fulotai ya sayar, kowa ya ja katangarsa, abin da ya rage shi ne hanya. Duwatsu, rafuka irin na Dilimi, da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari su ma suna datse tituna. Sai ka ga unguwa guda mafitarta ɗaya ce zuwa kwalta.

Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun ƙara dagula lamarin. Jama'a sun rabu a wurin zama bisa addini. Unguwanni irin su Unguwar Rogo, Rikkos da Gangare suka cika maƙil, har ana gini a bakin rafi, yayin da wasu iyalai suka nausa gefen gari, wajen Rayfield da Rantya. Akwai titunan da ke nan lafiya lau amma wasu ba sa binsu don tsoro, abin da taswira ba za ta nuna ba.

Talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗar wannan. Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai an hau Keke Napep sau biyu, motar kashe gobara ko ta kwasar shara ba ta iya shiga lungu, ambaliyar Yulin 2012 kuma ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da kewaye. Hukumar raya birnin, JMDB, ita ke da alhakin ba da izinin gini, an kuma yi babban tsarin birni na 2008 zuwa 2025, sai dai gine-gine sun fi aiwatar da shi sauri.