Waƙoƙin Mata a Ƙasar Sakkwato

Waƙoƙin mata a ƙasar Sakkwato sun ƙunshi abin da mata ke rerawa a cikin gida, a dandali da wurin biki, da kuma waƙoƙin mawaƙa mata da ake saurare a rediyo da waya. Sun bambanta da na maza ta hanyar da ake gadonsu. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo suna da iyayen gida, gidajen rediyo sun ɗauki muryoyinsu, malaman jami'a sun yi nazari a kansu. Waƙar mace kuwa a tsakar gida ake koyonta, daga uwa ko gwaggo ko kaka, shi ya sa galibinta ba a san wadda ta ƙaga ta ba.

Waƙoƙin gida da dandali

Mafi daɗewa su ne na aiki: reno, daka, niƙa da daɓe. Bugun taɓarya a turmi ko gogar dutsen niƙa shi ne kiɗan. A cikinsu mace ke sakin abin da kunya ta hana ta faɗa a fili, ta yi wa kishiya habaici, ta yi begen gidan iyayenta, ta yabi miji ba tare da kama sunansa ba. 'Yan mata suna da gaɗa da tafi a dandali. Matan aure suna da shantu da kiɗan ƙwarya, inda ake kifa ƙwarya a cikin ruwa a riƙa bugawa. A gidajen sarauta da na masu hali akwai zabiya, mai waƙa da kirari da guɗa. Injin niƙa da siminti sun rage niƙan hannu da daɓe, waƙoƙinsu ma suka ja baya tare da su.

Gadon Nana Asma'u

A nan ne Sakkwato ta yi zarra. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta yi waƙoƙi da Larabci, Fulatanci da Hausa, ta kuma mayar da wasu na mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jajin ta jagoranci matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu. Darasin a waƙe yake, domin wadda ba ta iya karatu ba ta haddace, ta koma gida ta rera wa wasu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Waɗannan waƙoƙin wa'azi ne da tarihi da begen Annabi, babu kiɗa a ciki, kuma masu yin su ba za su yarda a kira su mawaƙa ba, malamai ne. Duk da haka sun kafa abin da ya daɗe: a Sakkwato an saba jin muryar mace tana rera baiti don karantarwa, kuma waƙen 'yan Islamiyya na yau bai yi nisa da wannan tushe ba.

Zamanin rediyo da kaset

Da rediyo da kaset suka shiga gidaje, mata suka fara sanin mawaƙiya da sunanta. Galibin waɗanda suka shahara daga wasu garuruwa suke. Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ta fi kowa kai amada, wato kiɗan ƙwarya na mata, nesa. Tana waƙar kishi da haihuwa da neman na kai ba tare da ɓoye-ɓoye ba, har wasu maza na ganin ta cika baki. Kusancin Sakkwato da Nijar, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya sa muryoyin can ma ba baƙi ba ne.

Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka kawo waƙar fiyano mai ɗauke da salon Indiya, namiji da mace suna amsa wa juna. Fati Nijar, 'yar asalin Maraɗi, da Maryam A. Baba suna cikin muryoyin da aka fi sani. Kaset ya ba CD wuri, CD ya ba memori, yanzu kuma ta WhatsApp da TikTok waƙa ke yawo.

Tsakanin kaka da jika

Musayar waƙa ta fi armashi tsakanin kaka da jikokinta, saboda wasan da ke tsakaninsu ya ba su damar yin gardamar da 'ya ba za ta yi da mahaifiyarta ba. Kukan tsofaffi shi ne waƙar yanzu kiɗa ya rinjayi magana, babu azanci, kuma na'ura ce ke gyara murya. Matasa na cewa ta dā ta cika tsawo da maimaici. Akwai gaskiya a zancen tsofaffin, sai dai sukan manta cewa amada ma ta sha suka a wurin malamai a lokacinta. Wani abin lura shi ne harshe: waƙoƙin sitidiyo kusan duk da Hausar Kano ake yin su, don haka Sakkwatanci ya fi tsira a waƙoƙin reno da na gaɗa.

Yawanci jika ce ke nemo wa kakarta tsohuwar waƙa ta saka mata a waya, ita kuma kakar ta warware mata habaicin da ke ciki. A bukukuwan aure na birni akan raba abin gida biyu: wunin iyaye mata na masu ƙwarya ne ko masu bege, liyafar amarya da ƙawayenta kuma a ɗauko mai sa kiɗa da lasifika.