Waiwaye: Mdou Moctar, daga situdiyon Sakkwato zuwa jita marar wuta

A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine ɗan Nijar, ta fitar da kundin Tears of Injustice. Waƙoƙin da ke ciki su ne dai na Funeral for Justice da ya fito a watan Mayun 2024, sai dai an sake kaɗa su da jita marar wuta. Mai sauraro a Damagaram da ya saba jin jitar mutumin tana kururuwa zai iya ɗauka cewa ampli, wato na'urar ƙara sauti, kawai aka kashe. Aikin ya wuce nan, kuma wannan ba shi ne karon farko da Mahamadou Souleymane, wanda shi ne sunansa na yanka, ya sauya hanya ba.

Ya tashi a yankin Cintabaraden cikin jihar Tawa, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Abin da ya kamata Bahaushe ya riƙe shi ne kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da kayan aikin mawaƙan fina-finan Hausa: ganga ta kwamfuta, da manhajar Auto-Tune mai lanƙwasa murya. Kalmomin na Tamashek ne, harshen Abzinawa, amma sautin irin wanda ke tashi a kowane shagon tura waƙoƙi a unguwar Zango ta Damagaram ne. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har ɗaya daga cikinsu ta shiga kundin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara a 2011.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Afelan na 2013 a Cintabaraden aka ɗauke shi, kiɗa kai tsaye. Sousoume Tamachek na 2017 shi kaɗai ne, a hankali. Ilana na 2019, da aka ɗauka a birnin Ditiroyit na Amurka, shi ya tsayar da ƙungiyar mutum huɗu: Mdou, bahago, da jita mai wuta ƙirar Fender Stratocaster, Ahmoudou Madassane a jitar rakiya, Aboubacar Mazawadje a ganguna (daga baya Souleymane Ibrahim ya maye gurbinsa), sai Mikey Coltun a bas, jitar sautin ƙasa. Afrique Victime na 2021 a kamfanin Matador ya kai su manyan dandalin kiɗan rok na duniya.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki, ƴan Nijar uku na ƙungiyar suka rasa hanyar gida. A cikin wannan zaman jira suka shiga situdiyo a Burukilin ta birnin New York suka sake ɗaukar waƙoƙin, suna zaune wuri ɗaya.

A nan ne makaɗin da ke son kwaikwayonsu ya kamata ya nutsu. Jita mai wuta, idan an buɗe mata ampli, tana riƙe sauti ɗaya na daƙiƙoƙi da yawa. Marar wuta kuwa da an taɓa tsirkiya sautin ya fara mutuwa. Saboda haka duk gurbin da dogon kuka ke cikewa sai an cike shi da wani abu: a maimaita gajeren zubi, a ƙara amshi, ko a sa tafi. Wanda ya ɗauko zubin mai wuta ya ɗora shi yadda yake, zai ji waƙarsa ta yi ramuka.

Tsirkiya ma daban ce. Ta mai wuta yawanci tana farawa daga lambar kauri 9 ko 10, ta marar wuta daga 11 ko 12, ga kauri ga tauri. Jan tsirkiya sama don sautin ya lanƙwasa yana wahala, shi ya sa ake komawa ga bugun yatsun hannun da ke kan wuyan jita, a danna a saki da sauri. Dama can da haka kiɗan Abzinawa ya ginu, babban yatsa yana ta buga tsirkiyar ƙasa ba tsayawa, manuni yana fitar da waƙa. Da yawa daga makaɗansu suna ƙara ɗaure tsirkiya mafi kauri, sautinta ya ɗaga daga Mi zuwa Sol, don ta zama wannan gindin. A jita marar wuta ɗagawar tana ƙara wa wuya da gadar tsirkiya nauyi ƙwarai, kuma a bushewar hunturun Damagaram katakon da aka matsa haka yakan tsage ko gadar ta ɗago. A sa tsirkiya mai ɗan sirantaka a wurin, a kuma sassauta ta bayan wasa.

Ganguna su ne inda aka fi yin kuskure. Cikakken jerin gangunan rok yana danne jita marar wuta ko da makaɗin ya sassauta hannu. Ƙwaryar da aka kife ta fi dacewa: dunƙulen hannu a tsakiya ya ba da sautin ƙasa, yatsu a gefe su ba da ƙarar sama, kuma da ita ake kaɗa takamba, wani kiɗan gargajiya, tun asali, tare da molon Abzinawa. Tafiyar takamba mai ƙirga uku-uku ita ce ba ta canza ba daga Afelan zuwa yau, kuma a ganina ita ce ta sa kundin 2025 ya tsaya da ƙafarsa. Kalmomin da ke kukan halin da Nijar da Afirka suke ciki, waɗanda ƙarar ampli ke rufewa, yanzu suna fita sarai.

Sai batun makirfo. Kada a saita shi a bakin ramin jita, don nan ne sautin ƙasa ke taruwa ya yi gunji, a filin biki kuma ya jawo ƙugin lasifika. A nufe shi wajen da wuya ya haɗu da jiki, da tazarar santimita 15 zuwa 30, lasifikoki kuma su kasance a gaban makaɗa suna kallon jama'a. Idan dole sai an haɗa jitar da waya, a toshe ramin da murfin roba kafin a ƙara sauti.