Waiwaye: daga keken tururi zuwa tankar yaƙi

Yawancin mutane in ana maganar motar farko sai su ce Benz, amma fa sojoji sun riga shi da sama da shekara 100. A 1769 wani injiniyan sojan Faransa, Nicolas-Joseph Cugnot, ya haɗa wata na'ura mai taya uku da ke tafiya da tururi, burinsa kawai ta riƙa jan igwa a huta da dawakai. Ƙatuwar tukunyar tagulla ce rataye a gaban tayar gaba, wuta na ci a ƙarƙashinta, to duk nauyin ya taru a goshi, juya ta ma aiki ne, gudunta bai wuce kilomita 4 a awa ba kuma kusan duk minti 15 sai an tsaya an jira tururi ya sake taruwa. Wacce ya ƙera a 1770 har yau tana nan a wani gidan tarihi a Paris. Ministan da ke ɗaure masa gindi, Choiseul, ya rasa kujerarsa a ƙarshen shekarar, shi ke nan aka jingine aikin.

Ingila kuwa da hannunta ta taka wa kanta birki. Dokar 1865 ta ce irin waɗannan injina kada su wuce mil 4 a awa a ƙauye, mil 2 cikin gari, sannan dole wani ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansu riƙe da jan tuta, sai 1896 aka sassauta. Kafin nan Karl Benz ya riga ya yi rajistar motarsa mai shan mai a Jamus a 1886.

Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda manyan hafsoshi suka daɗe suna raina mota. Wani injiniyan Birtaniya, Frederick Simms, ya ɗora mashinga ƙirar Maxim kan wani keke mai taya huɗu da injin, a 1902 kuma ya nuna mota mai sulke sukutum a Landan, ma'aikatar yaƙin Birtaniya ba ta saya ba. Kuma gaskiya ba wauta ce zalla ba, doki zai ci ciyawa a ko'ina, zai ƙetare rafi, ita ko motar lokacin da an yi ruwa ta kafe, kayan gyara ma babu.

Yaƙin Duniya na ɗaya ne ya canza lissafin. A Satumba 1914 aka tattara tasi kusan 600 na birnin Paris suka kwashi sojoji zuwa fagen Marne, har da mita tana lissafi gwamnati ta biya. Da yaƙi ya koma na ramuka, ga waya mai ƙaya ga mashinga ga taɓo, doki ya kasa, mota mai taya ma ta kasa, sai aka duba taraktar noma irin ta kamfanin Holt mai tafiya kan sarƙa. Ranar 15 ga Satumba 1916 Birtaniya ta shigar da tankar Mark I yaƙin Somme, mutum takwas a ciki tare da injin a ɗaki ɗaya, ga zafi ga hayaƙi ga ƙara, cikin 49 da aka tanada da yawa sun lalace tun ba su isa layin gaba ba.

Duk da haka doki bai yi ritaya ba, har a Yaƙin Duniya na biyu yawancin rundunonin ƙasa na Jamus da dawakai suke jan igwa da kayan abinci.