Amsoshin tambayoyinku kan NBA da yadda aka tafiyar da Dallas

Tun Fabrairun 2025, da Dallas Mavericks ta ba da tauraronta Luka Doncic a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tambayoyin nan ake ta jefo min, kullum su ke nan. Na tattara su wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Nawa Lakers ta sayi Luka Doncic?

Ba saye ba ne, musaya ce. A NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Luka ya koma Los Angeles Lakers, Dallas Mavericks ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na 2029. Don Allah a bar tambayar farashi.

Wasa nawa ake yi a kaka?

82, kafin wasannin neman kofi. Ƙungiyoyi 30 ne.

To laifin wa ne?

Na shugabanni. Nico Harrison, janar manajan ƙungiyar a lokacin, shi ya ƙulla cinikin, yana cewa tsaron gida ke kawo kofi. Patrick Dumont, wanda iyalinsa da na Adelson suka sayi kaso mafi tsoka daga hannun Mark Cuban a ƙarshen 2023, shi ya amince. Yaro ɗan shekara 25 da ya kai ku wasan ƙarshe a Yunin 2024, kuka ba da shi kuka karɓo ɗan shekara 31 wanda rauni bai cika barinsa ba, kuma a wasansa na farko ya ji ciwo. An sallami Harrison a Nuwamban 2025, amma sallama ba ta dawo da Luka. Har yau abin yana min ciwo.

Jifan maki uku bai kashe wasan ba kuwa?

Bai kashe ba, kuma na gaji da wannan kukan. Tun 1979 layin yake a NBA, wanda jifa daga bayansa maki uku ne, daga cikinsa kuma biyu. Ku yi lissafi da kanku: wanda ke saka 36 cikin 100 daga bayan layi, makinsa ɗaya da mai saka 54 cikin 100 daga ciki. Wane koci ne zai ga haka ya kau da kai? Boston ta riƙa jefa kusan 48 a kowane wasa a kakar 2024-25, na yarda wani lokaci yana gundura. Amma daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban suka ɗauki kofi. Wasan da ya mutu ba ya haka.

Mene ne wannan shinge na biyu da kake yawan ambata?

Iyakar albashi ce da aka kawo a yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa. A kakar 2024-25 tana wajen dala miliyan 189. Ƙungiyar da ta tsallake ta ba za ta haɗa albashin mutum biyu ta musanyo babban ɗan wasa ɗaya ba, ba za ta sa kuɗi a ciniki ba, kuma a daskare mata damar zaɓenta ta shekara bakwai gaba.

Ƙungiya mai tauraro amma ba ta ɗaukar kofi, ta ci gaba da kashe kuɗi ko ta rushe ta sake gini?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda. Ya danganta da shekarun tauraron, ya danganta da ko damar zaɓenku na hannunku, ya kuma danganta da zuciyar mai ƙungiya. Masu son rushewa kullum Oklahoma City suke nunawa: a 2019 ta ba da Paul George ta karɓo Shai Gilgeous-Alexander da tarin damar zaɓe, ta jure shekarun shan kashi, ta ɗauki kofi a 2025. Gaskiya ne. Sai dai George da kansa ya nemi tafiya, kuma abin da aka karɓo yaro ne da damarmaki masu yawa, ba tsoho da dama ɗaya ba. Philadelphia ma ta bi hanyar, har ta ci wasa 10 kacal a kakar 2015-16, ta samu Joel Embiid a cikin shekarun nan, amma gina ƙungiyar a kansa bai kawo kofin ba. A tsarin da aka kawo a 2019 kuma, ko kai ne na ƙarshe a tebur, damarka ta samun zaɓi na farko a ƙuri'ar da ake jefawa don sanin wa zai fara zaɓen sababbin 'yan wasa kashi 14 ce kawai cikin 100. Wato kana iya zubar da kaka guda ka tashi a tutar babu.

Kashe kuɗin ma da nasa haɗarin. Boston ta ɗauki kofi a 2024, bayan shekara ɗaya ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis don ta sauko ƙasa da shingen, bayan tauraronta Jayson Tatum ya ji mummunan rauni. A ganina, idan tauraronka bai kai 28 ba kuma bai ce zai tafi ba, ka biya shi ka yi ta canza na gefensa. Idan ya haura 32 kuma jikinsa ya fara gardama, ka saurari tayi, amma daga kowa, ba daga ƙungiya ɗaya a ɓoye ba. Tsakanin waɗannan biyun kuwa, mai hankali ma yana iya kuskure, ba zan zage shi ba.

Me ya sa taurari ke hutawa alhali lafiyarsu ƙalau?

Ba koyaushe suke ƙalau ba. Kuma tun kakar 2023-24, wanda bai buga wasa 65 ba ba ya shiga takarar manyan kyaututtuka. Ku daina kiransu malalata.

In daina goyon bayan Dallas ne?

Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Fushinka na kan hanya, amma 'yan wasan ba su yi maka komai ba. A Mayun 2025 ƙungiyar ta ci ƙuri'ar zaɓi na farko da damar kashi 1.8 cikin 100, ta ɗauko Cooper Flagg daga jami'ar Duke yana ɗan shekara 18. Ka kalli yaron, ka kuma sa ido sosai a kan masu sa hannu a cinikin gaba.