Kyautar Kayan Kallon Tsuntsaye Na Hannu Ga 'Yan Jagora

Kyautar kayan kallon tsuntsaye na hannu wani tsari ne da masu sha'awar kallon tsuntsaye, galibi a Amurka da Turai, suke tattara kayan aikinsu da suka daina amfani da su a aika wa 'yan jagora, wato masu raka baƙi daji su nuna musu tsuntsaye, da ɗalibai da masu bincike a ƙasashe masu tasowa. Kayan da aka fi bayarwa su ne madubin hangen nesa mai ido biyu, da babban madubi mai ido ɗaya wanda ake ɗorawa kan ƙarfe mai ƙafa uku, sai littattafan gane tsuntsaye, kyamara, jakar goyo, wani lokacin har da kwamfuta.

Dalilin abin dai a fili yake. Ƙasashen da suka fi yawan tsuntsaye a duniya yawancinsu a yankuna masu zafi suke, Kolombiya kaɗai tana da nau'i sama da 1,900, ga Peru ga Brazil ga Indonesiya, amma kamfanonin da ke ƙera madubai masu kyau irin su Swarovski a Ostiriya da Zeiss da Leica a Jamus kayansu na da tsadar gaske, babban madubinsu ɗaya yakan haura dala 2,000. To sai ka ga baƙo ya zo yawon buɗe ido da kaya a wuya kamar zai buɗe shago, shi kuwa ɗan jagoran da ya san dajin ciki da bai, wanda da jin kuka kawai zai faɗa maka sunan tsuntsun da reshen da yake, ba shi da ko madubi ɗaya nasa na kansa, sai dai ya ari na baƙon ya leƙa ya mayar. Wannan abu ne da ke taɓa zuciya gaskiya, domin madubin nan a wajensa abin neman abinci ne.

Tarihi

A Ingila ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta fara karɓar madubai na hannu a shekarun 1980, ana gyara su a rarraba wa masu aikin kare muhalli a ƙasashe da dama. A Amurka kuma shirin da aka fi sani shi ne Birders' Exchange, wanda cibiyar Manomet da ke jihar Massachusetts ta kafa a 1990, daga baya ya koma hannun ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta American Birding Association. Shi wannan ya fi karkata ne ga Latin Amurka da tsibiran Karibiyan, kuma akwai hikima a ciki, saboda tsuntsaye da yawa da ke ƙyanƙyasa a Arewacin Amurka can kudu suke ƙaura in sanyi ya shigo, kenan in ba a kula da su a can ba duk kulawar da aka yi musu a arewa ta tashi a banza. Akwai kuma Idea Wild da aka kafa a 1991 a jihar Colorado, ita tana ba masu bincike ƙananan kayan aiki iri-iri ne, ba na tsuntsaye kaɗai ba.

Irin madubin da ake buƙata

Lambobin da ke jikin madubi, misali 8x42, na farkon yana nufin zai kusanto da abu sau 8, na biyun kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Mafi yawan masu kallon tsuntsaye 8x42 ko 10x42 suke riƙewa, kuma a cikin kurmi inda haske ba ya shiga sosai an fi son mai 8 ɗin, don ya fi nuna fili mai faɗi kuma hoton ba ya rawa sosai in hannu ya gaji.

A nan ne fa ake samun matsala, don ba duk abin da aka bayar ne kyauta ba. Wani sai ya ɗauko madubin da ya shekara ashirin a akwati, ya taɓa faɗuwa ƙasa, gilasan ciki sun goce, in ka sa ido sai ka ga tsuntsu ɗaya ya zama biyu, minti goma da riƙe shi kai ya fara ciwo. Irin wannan gyaransa sai ƙwararre mai na'ura, shi kuma ɗan jagoran da ke ƙauyen bakin daji ina zai samu mai gyara? Sannan ga danshi. Madubin da ba a toshe shi da kyau ba, in ya shiga wuri mai yawan ruwan sama sai ya yi hazo daga ciki, bayan 'yan watanni fumfuna ta fito a kan gilashin kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe har cinye rufin gilashin take yi. Shi ya sa masu karɓar kayan suke son wanda ruwa ba ya shiga, irin wanda aka cika cikinsa da iskar naitirojin. A ganina duk wanda zai bayar ya fara gwadawa da idonsa, ya duba wayar lantarki ko sandarta daga nesa ya ga ko layi ɗaya take fitowa, ya juya abin saitin ya ji ko yana tafiya sumul, ya haɗa da igiyar wuya da murfi da jaka.

Littafi ma haka ne, na tsuntsayen Turai ba zai amfani mai aiki a Yuganda ba, kuma na Turanci ba lallai ya yi wa mai jin Sifaniyanci kaɗai amfani ba.

Yadda kayan ke isa

Aikawa ta gidan waya na da tsada, kaya na iya ɓacewa ko su maƙale a hannun kwastam a nemi harajin da mai karɓar ba zai iya biya ba. Don haka sau da yawa matafiya ake ba su sa a jakarsu, masu zuwa kallon tsuntsaye ko masu bincike, su miƙa hannu da hannu. Ƙungiyoyin kan fi son bayarwa ta hannun kulob ɗin 'yan jagora ko makaranta ko hukumar gandun daji maimakon mutum ɗaya, saboda a san inda kayan suka shiga kuma madubi ɗaya ya zaga hannu da yawa, musamman in ana koyar da yara ko mata masu shigowa sana'ar.

Amfanin bai tsaya kan kuɗin shiga ba. Tun da cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe shafin eBird a 2002, duk wanda ya ga tsuntsu zai iya shigar da sunansa da wuri da lokaci ta intanet, masana su yi aiki da bayanan. Baƙo kwana uku zai yi ya tafi, ɗan jagora kuwa yana nan rani da damina, shi ne zai lura cewa wani nau'in ya iso da wuri bana ko ya daina zuwa gaba ɗaya bayan an sare bishiyoyin bakin rafi, kuma da madubi a hannunsa zai iya tantance launin fiffike da siffar baki kafin ya rubuta.